Karatun da Ke Sarƙewa In Goggo Ta Zauna

Jikana yana da wata al'ada da ke ba ni haushi. Zai kwanta a kan angarib, wato gadonmu na igiya, ya ɗora waya a ciki, karatu na fita, yana mutsu-mutsu, yana juyi, yana karkaɗa ƙafa, muryar kuwa ko gezau. Wani lokaci wayar ta suɓuce ta faɗi ƙasa, mai karatu bai ma san an yi ba. Ni kuma ina gefe gabana yana faɗuwa. Ya tambaye ni me ya sa nake zabura, na ce masa babu komai. Ta ina zan fara yi wa ɗan yau bayanin cewa an yi zamanin da murya ke tsoron motsi, har mutuncin tsohuwa ya rataya a kan haka?

Na tashi ne a kasuwar Gadarif, a rumfar wani mai gyaran rediyo da kowa ke ce wa Usta, wato gwanin sana'a. Har yau in na rufe ido ina jin kasuwar ta wancan lokaci: ƙarar turmin masu jabana, wato gahawa, suna daka 'ya'yan bunnu da ake yin ta da su, kwandastocin motocin zuwa Doka da Basunda suna kwarara kira kamar za su tsaga maƙogwaro, lorori na sauke buhunan dawa da riɗi, ga ƙanshin dalma da muke narkarwa ya haɗu da na turaren mai shayin da ke maƙwabtaka da mu. A lokacin kaset ke mulki. Kaset kuwa ɗan halak ne, yana da haƙuri. In zarensa ya tsinke ka liƙe da jan farce, in ya warware ka sa biro ka naɗe, in ya sha rana muryar ta ɗan yi kauri amma ba za ta yi maka yaji ba. Ma'aikatan gona sukan zo su zauna a rumfarmu su yi wa iyayensu magana a kaset, su yi kuka, su yi dariya, mu naɗe mu ba direba. Ban taɓa jin an ce kaset ya ƙi magana a gidan wani don bai san gidan ba.

Sai faifan sidi ya shigo, da shi da wata tsohuwar kwamfuta da Usta ya samo, muka fara buga wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙin biki. Nan muka gane mun auro mai zaɓen gida. Faifai ya yi magana raɗau a rumfarmu, mai shi ya tafi yana murna, gobe ya dawo fuska a murtuke, wai a motarsa ya ƙi ko tari. Wani ya yi a gidan aski ya ƙi a gidan biki. Wani ya fara lafiya lau, sai an kusa ƙarshe ya kama in'ina. Usta mutum ne mai zafin rai, amma ba ya raina abin da ya kayar da shi. Ya zauna da faifan nan kamar mai kiwon baƙuwar akuya har ya san halinsa. Ya gano cewa in ka bar kwamfuta ta buga da gudu, rubutun da take yi a jikin faifan ba ya kamawa sosai, tsohuwar na'ura mai raunin ido ba ta iya bin sa. Ya gano faifan araha, wanda in ka ɗaga shi a rana kana hango yatsunka ta ciki, asara ce tun daga kwali. Ya gano ba a cika faifai har baki, domin a gefen nan na waje ake yawan tuntuɓe, kuma in an gama dole a rufe shi, in ba haka ba kwamfutar da ta haife shi kaɗai za ta san shi. Akwai kuma bugu iri biyu, wanda ke ɗaukar karatu mai yawa amma sai sabuwar na'ura, da wanda ke ɗaukar kaɗan amma kowace na'ura ta yarda da shi. In ya ga hannuna na ƙaiƙayi zan ƙara gudu saboda mutane sun yi layi, sai ya ɗaka min tsawa: "Ya walad, kai yaro, sauri ya haifi nawa? Bar ta ta yi tafiyar jaki."

Ni maraya ne. Ƙanwar mahaifina ce ta raine ni, ita nake kira Goggo. 'Ya'yanta duka sun rasu suna ƙanana, mijinta ma ya bi su, don haka duk kakar girbi sai ta tafi Gadambaliya ta yi wa ma'aikata girki a kambo, wato zangon bukkokin da masu yankan dawa ke zama a bakin gona. Mace ce mai jiki, mai yawan tsiya da dariya, ga ta da hannun jinya. Duk wanda zazzaɓi ya kayar, ita ce mai dama masa kunu, ta zauna a gefen gadonsa tana yi masa fifita. Tana da wata ɗabi'a tun ina yaro, in tana fifita sai ta riƙa rangaji gaba da baya, kamar mai lallashin jariri. A cikin wannan rangajin na yi ƙyanda na warke, don haka ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Wata safiya wani direban lori da ke jigilar dawa daga can ya tsaya a bakin rumfarmu. Bai ko zauna ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ka je ka ga gyatumarka. Kalam ya ɓaci a kambo, magana ta lalace." Na ce me ya faru, ba ta da lafiya ne? Ya ce da ma ciwo ne da sauƙi. Akwai wani saurayi da zazzaɓi ya ƙi saki, ya rame, ciki ya kumbura. Yayansa ya sayo faifan karatun ruƙiyya a tasha, suna kunna masa a kai. In dai Goggo ta shigo ta zauna, sai karatun ya sarƙe. Ta fita, ya miƙe. Yanzu mutane sun fara janye yaransu in ta wuce, wasu sun daina cin tuwonta. Direban ya rage murya ya faɗi kalmar da nake tsoro. Ya ce mayya suke ce mata.

Yaran yanzu suna jin wannan kalma su yi dariya, a wasan kwaikwayo suka san ta. Mu mun ga abin da take yi. Na taɓa ganin wata tsohuwa da aka tilasta ta tsallaka majinyaci a gaban jama'a wai ta sakar masa kurwa, bayan nan ko ruwa ba mai miƙa mata, ta ƙare rayuwarta a bayan gari tana magana ita kaɗai. In ka tsallaka ka amsa laifi, in ka ƙi a ce ka ƙi saki. Babu ƙofar fita. Wannan hoton ne a idona tun daga Gadarif har muka isa, ina zaune a bayan lori.

Na tarar da Goggo a bayan madafa, ita kaɗai, tukwane a kife. Ta dube ni ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta ce, "Kai ma labari ya kawo ka, ɗan nan?" Na gaishe ta na wuce. Na nemi yayan majinyacin, wani dogo mai jajayen idanu saboda rashin barci, na ce ina so in gani da idona. Ya ce bismilla, ai gani ya kori ji. Muka shiga bukkar. Saurayin na kwance a angarib, fata da ƙashi, an ajiye na'urar a kan gadon daidai kansa, wata tsohuwa ce mai murfi a sama, an jona ta da batirin tarakta. Aka kunna, karatu ya kama tafiya sumul. Sai aka kira Goggo. Ta shigo a sanyaye, ta zauna a gefen gadon, hannunta ya kai ga mafici don ya saba. Ba ta yi fifita biyar ba muryar ta tsaya a kan harafi guda tana maimaita shi, ta-ta-ta-ta, sannan ta yi tsit, na'urar na ƙiƙ-ƙiƙ a ciki. Wata mata a bakin ƙofa ta saki salati. Wallahi ni da na san aikin, ni da faifai nawa suka yi min haka a hannu, sai da tsikar jikina ta tashi. Tsoro ba ya tambayar sana'arka kafin ya shige ka.

Da hankalina ya dawo sai na ga igiyoyin gadon suna lotsawa suna tashi tare da jikinta. Na ce, "Ya jama'a, gadon ne ke motsi. A sauke na'urar ƙasa ku gani." Yayan ya ce ba za a ajiye karatu a ƙasa inda ake taka takalmi ba. Na ce to a ɗora a kujera. Sai ya yi wata dariya mara daɗi, ya fita, ya dawo da faifan waƙa na direban lorin, irin na kamfani mai hoto a jiki. Ya sa shi a na'urar nan, a gadon nan, ya ce wa Goggo, "Ya Hajja, ci gaba da fifitarki." Ta ci gaba, tana rangaji, hawaye na zuba. Waƙar ta yi ta tafiya, ko tuntuɓe babu. Ya juyo ya dube ni. "To, ya usta? Gado ɗaya, na'ura ɗaya, mace ɗaya. Waƙa ta wuce, karatu ya tsaya. Gadon ne ya san bambancin waƙa da karatu? Ruwa ba ya tsami banza."

Na buɗe baki in ce faifan kamfani daban, na tasha daban, sai na ga fuskokin da ke kallona. Babu wanda zai saurari wannan daga bakin ɗanta. Wakilin gonar, wani dattijo da ba ya son rigima a lokacin girbi, shi ya raba gardamar. Ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma shi ma ya ga abin da ya gani. Ya ce in tafi in kawo karatun nan a faifan da na yarda da shi. Ranar Juma'a bayan la'asar za a kunna a wannan na'ura, a wannan gado, Hajja na zaune tana fifita yadda ta saba. In ya kai ƙarshe, halas, shi ke nan, kowa ya kama bakinsa. In ya tsaya, shi ba zai iya tare mutane ba. Na roƙi Goggo ta biyo ni gari, ta ce in ta tafi yanzu ta amsa sunan ke nan.

Ban taɓa jin tsoron aikin hannuna ba sai a kwanakin nan. Na faɗa wa Usta komai. Ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfensa ya fito da wasu faifai da yake ɓoyewa a naɗe cikin tsumma, masu nauyi, waɗanda ko ni ba ya bari in taɓa. Faifan tasha da na karɓo mu kwafa, da na ɗaga shi a rana, har zanen tafin hannuna nake gani. Mun sha wuya kafin kwamfuta ta tsamo karatun daga cikinsa ba tare da gurbi ba. Muka zaɓi bugun da kowace na'ura ke karɓa, muka sa gudu mafi ƙanƙanta, muka tsaya nesa da baki. Usta ya hana kowa jingina da teburin, ya kori mai shayi da ta kawo mana kofi, har ya sa mai walda na gaba ya kashe injinsa don kada wuta ta yi rawa. Ana tsakiyar bugu aka ɗauke wutar gaba ɗaya. Faifai mai kyau ya tafi a banza. Na zauna a ƙasa na dafe kai, ina jin kamar an nuna min abin da zai faru ne. Usta ya ce, "Tashi, ya walad. Wutar gwamnati ce, ba ishara ba ce."

Da aka dawo da wuta muka sake. Wannan karon ya kammala, muka rufe shi. Daga nan na shiga zagaye da shi kamar mai tallan magani. Na kai shi gidan aski, ya yi. Na kai wa mai gyaran agogo da ke da wata ƙaramar na'ura mai fasasshen murfi, ya yi. Na roƙi direban bas ɗin Doka ya sa a motarsa, na hau muka bi hanyar gargada har bayan gari, ya yi. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin ba ɗaya daga cikinsu da ke kan gadon igiya. Muka aro angarib daga mai saƙa, muka zaƙulo na'ura mafi tsufa a tarkacen rumfarmu muka ɗora. Usta, da furfurarsa da girmansa, ya zauna a gefen gadon a tsakiyar kasuwa, ya ɗauki kwali yana fifita yana rangaji. Mutane suka taru suna dariya, wani ya ce Usta ya samu taɓin hankali. Bai kula su ba, sai tambayata yake, "Haka take yi, ko ta fi haka?" Na ce ta fi haka nauyi. Ya ƙara ƙarfi. Karatun ya wuce. Ya miƙe yana haki ya ce, "Iyakar abin da hannu zai yi ke nan. Idon waccan na'urar ban san shi ba. Kada ka ajiye faifan a gaban mota rana ta dafa shi."

A ƙirjina na ɗauke shi, cikin riga, naɗe da tsumma. Duk ramin da lori ya faɗa sai in ji kamar ya tsage. Da muka isa, kambo ya cika, har mutanen wasu zangogin sun zo kallo. An fito da gadon majinyacin ƙarƙashin rumfa don kowa ya gani. Na nemi in goge idon na'urar da auduga, yayan ya ce kada in taɓa ta, shi zai sa da hannunsa. Na ga babban yatsansa mai maiƙo ya doshi cikin faifan, na yi ihu ban sani ba, na ce ta baki ake riƙewa. Ya harare ni, amma ya gyara riƙon. Aka kawo Goggo. Ta yi wanka ta sa farin tufafinta na Juma'a, kamar mai shirin tafiya. Da ta zo wucewa ta gabana na raɗa mata ta rage motsi. Ta ce, "In na sandare za su ce dabara ce. Yadda Allah ya yi ni haka zan zauna."

Ta zauna, igiyoyi suka yi ƙara. Aka danna. Na'urar ta yi ta juyi tana neman hanya, shiru ya yi tsawo har na ji wani ya yi gyaran murya a bayana. Sai karatu ya fito. Goggo ta ɗauki mafici. Ban ji ma'anar ko aya ɗaya ba ran nan, Allah ya yafe min, kunnena na kan ƙaramin sautin da ke ƙarƙashin muryar, idona na kan igiyar gado. Gaba, baya, gaba, baya. A gefe na hango wasu samari biyu tsaye, ɗaya riƙe da sandar kora shanu, na rasa ko da ma da sandar yake yawo ko don Goggo ya zo da ita. Can tsakiya tari ya sarƙe majinyacin, irin tarin da ke girgiza mutum tun daga ƙafa. Gadon duka ya kama rawa, na'urar ta yi tsalle a kan igiya. Na rufe ido. Na riga na fara tunanin ta inda zan ja Goggo mu gudu, da ko ƙafafunta za su kai mu titi. Da na buɗe, muryar na nan tana tafiya, Goggo ta tallafo kan yaron tana shafa masa baya, ta ma manta da mu.

Haka ya kai ƙarshe. Na'urar ta yi ɗan ƙara ta tsaya don kanta. Ba wanda ya yi kabbara, ba wanda ya yi guɗa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki. Wakili ya ce gobe da safe a sa yaron a lori a kai shi asibitin gari, abin da ya kamata a yi tun farko. Can aka ce kalazar ne, wani zazzaɓi mai kumbura saifa, ya sha allurai masu zafi, ya daɗe, amma ya tashi. A ranar Juma'ar kuwa, yayan ya zo ya durƙusa gaban Goggo ya ce, "Ma'alesh, ya Hajja, ki yafe." Ta ce ta yafe. Da yamma ma ta ɗora tukunya, kowa ya ci.

Na ɗauka magana ta ƙare. Yau faifan nan sun zama abin da manoma ke ratayewa a gona don korar tsuntsu, rumfar Usta ta koma shagon cajin waya, shi kansa ya daɗe a ƙasa. Sai dai Goggo ba ta koma yadda take ba. Tsiyarta ta dawo, dariyarta ta dawo, amma daga ranar ba ta sake zama a gadon majinyaci ba. In an ce wane ba lafiya, za ta dama kunu ta aika, ta je ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce sannu, ta juya. Lokacin da 'yata ta fari ta yi zazzaɓi mai tsanani, na roƙe ta ta shigo ta riƙe ta, ta ce ƙafarta na ciwo. Ina kallonta ta taga, tana zaune a tsakar gida da mafici a hannu, tana rangaji ita kaɗai.

Ta tsufa a gidana. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, na ɗauko na'urata mai kyau da faifan da na buga da hannuna, wanda na san ba zai taɓa ba ni kunya ba, na zo zan ajiye kusa da kanta. Ta buɗe ido ta gani. Sai na ga tsoro a fuskarta, irin wanda ban gani ba ko a ranar Juma'ar nan. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta ture shi.

"Ɗan nan, fitar da abin nan."

Na ce, "Goggo, karatu ne. Ni na buga shi, ba ya tsayawa."

Ta ce, "Na sani. Kai dai zauna nan ka karanta min da bakinka. Kai in ka tsaya, na san numfashi kake ja."